FILIN 'YAN UWA MATA: Dusar Turawa da Tukunyar Mai Ciwon Ƙoda

   

A wannan fitowar na so mu taɓa zancen lefe, to amma sai ga wasiƙu biyu sun iso mini a mako guda daga jihar Sakkwato, ɗaya daga Boɗinga, ɗaya daga Shagari, kuma duk a kan magana ɗaya. Da na karanta su sai na ga lefe zai iya jira. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayensu.

Ta farko ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, ga abin da ta ce: "Anti, don Allah ki taimake ni. Babanmu watanshi 7 yana zuwa asibiti Sakkwato, likita ya ce ƙodarshi ta yi rauni amma ba a kai ga wanki ba. Innarmu ba ta da ƙarfi, ni ce babba, ni ka yi mishi abinci in na taso makaranta. Kawunmu ya zo da wani gwangwani, wai dusar ot ce ta Turawa, ya ce a dinga dama mishi kofi guda safe da dare, tana wanke ƙoda. Ni kuwa tsoro nike ji. Mi za ni yi?"

Ta biyu amarya ce, watanta 5 a ɗaki, gida ɗaya suke da surukarta mai fama da ciwon ƙoda, har ƙafafu sun kumbura. Ta ji ana cewa a rage wa mai wannan ciwo gishiri, ta rage, sai tsohuwa ta ce yarinya ba ta iya miya ba, dangin miji suka ɗauka, shi ma angon ya fara sauya fuska. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta ba ta shawara, wai tunda Turawa ma dusa suke ci don lafiya, ta daina surfe, ta riƙa yi wa tsohuwa kunun dusar gero da kanwa. Ta rufe wasiƙarta da cewa: "Anti, aurena nike tsoro, ran Inna ma nike tsoro."

To ƙannena, Allah Ya ba marasa lafiyarku sauƙi, ku kuma Ya saka muku da alheri. Ni dai marubuciya ce, aikina alƙalami, don haka sai da na bi ma'aikatan lafiya da tambaya, na kuma yi karatu kafin in amsa muku. A littattafanmu na soyayya mun saba kwantar da jarumi da ciwon zuciya saboda an hana shi wadda yake so, likita ya fito yana share gumi ya ce a ba shi abin da ransa ke so ko a rasa shi. Ciwon ƙoda kuwa akasin haka ne, sau da yawa abin da ran mara lafiya ke so shi ne abin da za a rage masa, kuma 'ya mace mai riƙe da ludayi ita ake bari da wannan rigima.

MECE CE AIKIN ƘODA?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, ƙasan haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu. Aikinsu tace jini, kamar yadda kike tace gasara da rariya. A kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan guda, kuma a yini da kwana suna tace ruwan jini kusan lita 180, su mayar wa jiki abin da yake buƙata, su fitar da dattin a fitsari lita ɗaya zuwa biyu. In rauninsu ya wuce wata 3 bai warware ba, shi ne likitoci ke kira ciwon ƙoda mai daɗewa. Sun kasa shi mataki 5. A matakan farko mutum na yawonsa bai ma san yana da shi ba, a na biyar ne ake maganar wankin ƙoda ko dashe. Manyan abubuwan da ke kawo shi su ne hawan jini da ciwon suga, sai yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Idan matatar ta yi rauni, akwai abubuwa uku na cikin abinci da suke taruwa a jini, ku riƙe sunayensu da kyau. Na farko sodiyam, wanda ke cikin gishiri, shi ke riƙe ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura, jini ya hau. Na biyu fotasiyam, in ya yi yawa gaɓoɓi su mutu, bugun zuciya ya rikice, wani lokaci ta tsaya cak ba sallama. Na uku fosfaras, shi kuma sannu yake ɓarna, ya sa ƙaiƙayin jiki, ya raunana ƙashi, ya sa jijiyoyin jini su yi tauri. Mai lafiya yana cin dukkansu ƙodarsa ta zubar da rarar, shi ya sa Hausawa suka ce abincin wani gubar wani.

TO ITA DUSAR OT FA?

Ot wani hatsi ne da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Rasha, shi ne wanda kuke gani a kanti cikin gwangwanin Quaker Oats ana damawa kamar kunu. Dusarsa kuwa ita ce fatar ƙwayar, kamar dai yadda in kin surfa gero kin bakace dusa ke fita, sai dai tasu an tsabtace ta an niƙa don cin mutane. Tana da amfani, ba na musu. A cikinta akwai wani abu mai yauƙi kamar na kuɓewa, sunansa bita-gulukan, yana rage kitsen da ke toshe hanyoyin jini, yana hana suga hauhawa da sauri bayan cin abinci, yana kuma sa bayan gida ya yi laushi. A shekarar 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa rubutawa a jikin kwalin ot cewa giram 3 na wannan abu a rana na taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya. Daga nan sunanta ya ƙara bazuwa a duniya.

Amma ku lura, zuciya aka ce. Babu inda aka ce tana wanke ƙoda. Ƙodar da ta daɗe da rauni ba ta komawa sabuwa don an sha wani kunu, abin da ake yi shi ne lallaɓa ta don abin da ya rage ya daɗe yana aiki.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. A kowane hatsi, fatar nan ta waje ita ce ma'ajiyar fosfaras da fotasiyam. Giram 100 na ɗanyar dusar ot yana ɗauke da fosfaras miligiram 734 da fotasiyam miligiram 566. Kofin awo guda ya kusa giram 100 ɗin nan. Shi kuwa mai ciwon ƙoda da fosfaras ya hau masa, likitoci sun daɗe suna ƙayyade masa miligiram 800 zuwa 1,000 a yini gaba ɗaya. Ƙanwata ta Boɗinga, ke da kike aji biyar, buga lissafin da kanki: kofi da safe, kofi da dare, kin haura 1,300 tun Baba bai taɓa tuwo ba, bai sha hura ba. Tsoron da kika ji yana kan hanya. Kawu ya kawo da zuciya ɗaya, Allah Ya saka masa, amma garin neman gira kada a rasa ido.

Sai dai kada ki jefar da gwangwanin a shara tukuna. A da likitoci kan hana masu ciwon ƙoda duk wani hatsi mai dusa kwata-kwata. Daga baya bincike ya nuna fosfaras na cikin tsirrai a ɗaure yake, rabinsa ko ƙasa da haka ne ke shiga jini, saura ya bi bayan gida. Wanda kamfanoni ke zubawa a lemon kwalba mai baƙi da naman gwangwani shi ne kusan dukkansa ke shigewa. An kuma gane cewa in bayan gida ya ƙi fita, fotasiyam na ƙara taruwa, domin hanji ma na taya ƙoda fitar da shi. Saboda haka ƙa'idojin da ƙwararrun Amurka suka sabunta a 2020 suka karkata ga a dubi gwajin jinin kowane mara lafiya, a tsara masa nasa abincin. Babban cokali guda na dusar ot bai wuce giram 6 ba, fosfaras ɗinsa kamar miligiram 45, fotasiyam kamar 35. Kin ga tsakanin cokali da kofi akwai tafiya mai nisa.

Abin da za ki yi shi ne, ranar da Baba zai koma ganin likita ki saka gwangwanin a jaka ki bi shi. Ki nuna wa likita, ki tambaye shi abu uku: mataki na nawa ciwon yake, nawa fotasiyam da fosfaras suka nuna a gwajin ƙarshe, kuma cokali nawa ya yarda a ba shi, sau nawa a mako. Fotasiyam na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0, ki rubuta na Baba a bayan littafinki duk zuwa. In likita ya yarda, ki fara da kaɗan, domin dusa na sa kumburin ciki ga wanda bai saba ba, kuma tana son ruwa, alhali wasu marasa lafiyar an ƙayyade musu ruwan da za su sha. Kada ki dama ta da madara mai yawa, madara ma gidan fosfaras ce. In ya ce a'a, ke da ƙannenki ku shanye abinku, lafiya lau ne gare ku.

DUSAR GIDA DA KANWA

Yanzu na juyo gare ki amaryar Shagari. Shawarar maƙwabciyar nan ki bar ta a inda kika ji ta. Dusar da ke fita daga turmi ko injin niƙa, wadda muke tarawa mu ba jar akuya da ragon layya, ba a tanade ta don cikin mutum ba, akwai tsakuwa da ƙura, in ta kwana da danshi ta yi hunhuna. Ko da tsabtatacciya ce, nauyinta ya fi ƙarfin mai raunin ƙoda. Dusar alkama giram 100 tana da fosfaras sama da miligiram 1,000, ta shinkafa ta haura 1,600. Surfen nan da iyayenmu suka koya mana, a surfa, a bakace, a wanke, shi ne daidai ga Inna, musamman in gwajinta ya nuna abubuwan nan sun hau. Tuwon surfaffen hatsi da farar shinkafa da koko sun fi mata sauƙi.

Kanwa kuwa, wallahi ita na fi ji miki tsoro a kan dusar. Kanwa, fara ce ko ja, cike take da sodiyam, wato 'yar uwar gishiri ce ko da ba ki ji ɗanɗanonsa a baki ba. Haka manda da balma, haka bakin-foda. Ruwan toka da wasu ke tsiyayewa daga tokar kara su sa a miya maimakon kanwa, shi kuma fotasiyam ne tsagwaronsa. Haka wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantuna wai na masu hawan jini, an rage masa sodiyam an cika da fotasiyam, ga mai ciwon ƙoda haɗari ne babba. Ɗunƙulen miya da muke jefa huɗu biyar a tukunya, gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Gishirin da aka yarda wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, har da na cikin ɗunƙule da burodi da kilishi da yajin tsire. Ashe kin ga rage gishirin da kika yi daidai ne, ba ki yi laifi ba.

Saura yadda za a yi miya ta yi daɗi, don kuwa tsohuwa ma tana da gaskiyarta, baki ya saba shekara da shekaru. Ga dabarun da na tattaro muku ku biyun:

1. Ki yi miyar gida gaba ɗaya ba gishiri ba ɗunƙule, in ta nuna ki ɗebi ta mara lafiya a ƙaramar tukunya ki sa mata ɗan abin da aka yarda, sannan ki gyara ta sauran jama'a. Wuta ɗaya, aiki ɗaya.

2. Ki soya albasa sosai har ta yi ja, Allah Ya hore wa ƙasar Sakkwato ita. Ki haɗa da tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari da kimba, da 'yar daddawa kaɗan. In za a ci a matsa lemon tsami. Baki na sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni.

3. In an ce fotasiyam ya hau, dankali da doya da kabewa ki fere, ki yanka ƙanana, ki tafasa da ruwa mai yawa, ki zubar da ruwan. Ganye ma, alayyafo ko zogala ko sure, a tafasa a tsiyaye kafin a sa a miya. Ruwan zogalan nan da ake cewa a shanye don magani, ban da mai wannan ciwo.

4. A lura da dabino, ayaba, tumatirin gwangwani, ruwan kwakwa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wake, nono da kindirmo. Ban ce an haramta ba, awo ne, kuma gwajin jini ke faɗin awon. Kabeji, gurji, albasa, abarba da tuffa sun fi sauƙi.

5. Nama da kifi da ƙwai, wanda ba a fara yi wa wanki ba akan ce ya rage, wanda ake yi wa wanki kuwa akan ce ya ƙara. Don haka kada ki ɗauki takardar abincin wani mara lafiya ki yi wa naki aiki da ita.

6. Duk wani jiƙo ko garin magani da mai zuwa dubiya ya kawo, ki karɓa da godiya da fara'a, ki ajiye, sai likita ya gani.

ZANCEN AURENKI

Amarya, kada ki tsaya jayayya da surukarki a kan miya, ba za ki ci riba ba. Maganar da ta fito daga bakin suruka ƙarama daban take da wadda ta fito daga bakin likita. Ki sami maigida lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance, ki tausasa murya ki ce, ni fa Inna uwata ce, kumburin ƙafar nan ke hana ni barci, don Allah ranar asibiti mu tafi tare, a faɗa mana abin da za ta ci a gabanka. In da hali a tafi da babbar 'yarta, wadda ta fi kowa magana a dangi. In likita ya faɗa a gabansu, kin fita, gobe su za su riƙa tuna miki kada ki sa kanwa. Ita kuma tsohuwa, in kin kai mata abinci ki zauna ki sa hannu ku ci tare a kwano ɗaya ko loma uku ne. Mai ciwo ba abin da ke ƙona masa rai kamar ya ga an ware masa kwano ana jin ƙamshin na wasu.

Kuma ku gode Allah, ba ku yi nisa da masana ba. Boɗinga na bakin Sakkwato, Shagari na gaba kaɗan a kan titin da ya nufi Tambuwal da Jega, mota ɗaya za ta kai ku birni. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin ƙoda da injinan wanki, a farkon 2025 ma aka yi dashen ƙoda na farko a can, kamar yadda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002. In kun je ku nemi a haɗa ku da ma'aikacin tsara abincin marasa lafiya, ku lissafa masa abin da ake ci a gidanku da sunansa, hura ce, tuwon dawa ne, ɗanwake ne, hoce ne, don ya tsara muku da abin da kuke da shi a rumbu. Idan kuwa mara lafiya ya fara haki, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya rikice yana magana ba kan gado, a nemi mota a lokacin, kada a ce sai gari ya waye.

KU MA 'YAN MATA

Kafin in ajiye alƙalami, ƙannena, ku ma kuna da ƙoda. Mayukan bilicin da ake shafawa don a yi fari kafin biki, wasunsu na ɗauke da sinadarin makyuri, yana ratsa fata ya lalata ƙoda. Ƙwayoyin ciwon mara da ake haɗiya bibbiyu duk wata ba tambaya, da haɗe-haɗen ƙiba da na gyaran jiki da ba a san mahaɗinsu ba, duk a kan ƙoda suke sauka. A zafin bazarar Sakkwato ku sha ruwa sosai, kada ku ƙi sha don gudun bayin makaranta. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, hawan jinin ciki ba abin wasa ba ne. Wadda iyayenta ke da hawan jini ko suga, ta lallaɓa su a auna jininsu da fitsarinsu ko sau ɗaya a shekara a asibitin da ke kusa. Tun 2006 duniya ta ware Alhamis ta biyu ta watan Maris don tunawa da lafiyar ƙoda, ku sa ta zama ranar da za ku tuna wa mutanen gida. Rigakafi dai an ce ya fi magani.

Masu jinya a ko'ina kuke, Allah Ya ba ku lada da juriya, marasa lafiya Allah Ya tashi kafaɗunsu. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan lefe, akwati nawa ne ya isa, kuma wa ya ce sai an ci bashi? Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku riƙa rubutu da kyau yadda zan iya karantawa.

Sai mun sake saduwa. Taku har kullum,
Antinku.